Katangar Shekara Dubu

A garinmu, wani ƙauye da ke gindin dutse kusa da Tama, gida uku ne kawai na masu bin Almasihu. Sauran duk Musulmi ne, rabinsu ma danginmu. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta laka, in mutum ashirin suka shiga sai yara su zauna bakin ƙofa. To, a cikin wannan 'yar jama'a da tuwon tukunya ɗaya zai ƙosar, sai da aka samu abin da za a rabu biyu a kansa. In na tuna yanzu dariya takan taso mini, sai kuma ta ƙi fitowa.

Kakata, uwar babana, sunanta Dije, amma mu Kaka kawai muka sani. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ido ɗaya ya mutu, ɗayan kuwa ba abin da ke wuce shi. Ciwon idon nan ne ya kai ta asibitin mishan tun tana da ƙarfinta, can ta ji bishara, ta dawo da ita gida. Ta sha abin da ta sha wurin dangi, daga baya suka gaji suka ƙyale ta. Ba ta san ko baƙi ɗaya na karatu ba. Ba'a kam, Allah ya hore mata, in ta sa mutum gaba sai ya rasa inda zai sa kansa.

In ɗari ya shigo, an gama kai damman hatsi rumbu, da an ci tuwon magariba sai mu kwaso kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Icce ba abin wasa ba ne a ƙasarmu, shi ya sa kara muke ƙonawa, shi kuma ba ya daɗewa, dole sai an sa mai tura shi. Wannan aikin namu ne ni da Rahila, ɗiyar ƙanen babana. Wata ɗaya aka haife mu, tabarma ɗaya muke kwana, bargo ɗaya muke ja, kullum da safe sai an raba mu faɗa a kan wa ta janye shi. Kaka takan binne dankali cikin toka, yaran maƙwabta su Hajo da Sa'a su zo su matse mu, sannan ta gyara zama ta fara tatsuniya, wadda mu muke kira gatana.

"Ga ta nan tahe," in ji ta, "ku ba ta hanya."

Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, Kaka, tabarma na shimhiɗe!"

In ta ga wata tana gyangyaɗi sai ta ce, "Saratu, wuyanki zai karye. In ya karye ni ba ni ɗaure shi, na yi tsuhwa." Saratu ni ce, kuma ni ce sarkin gyangyaɗi, ba na musu.

'Ya'yan Kaka maza biyu ne, gida ɗaya, gonar gandu ɗaya, kwano ɗaya. Babana Ishaya shi ne babba, shi ke bi da sujada ran Lahadi tunda ba mu da fasto zaunanne. Ya yi shekara biyu a makarantar Littafi, ya dawo da wani dogon ƙyalle mai zane-zane da yake naɗewa kamar tabarma. In ya warware shi jikin bango sai ka ga zamanin duniya duk a jere, daga halitta har ƙarshe. A wurin Baba maganar a fili take. Duniya za ta yi ta lalacewa, sai Yesu ya zo ya fyauce masu bi zuwa sama. Sannan a yi shekara bakwai na babban tsanani, sannan ya sauko tare da su ya yi mulki a bisa ƙasar nan shekara dubu cif. Masu bi da suka mutu za su tashi kafin mulkin nan, su ci shi da jikinsu. Ba yunwa, ba fari, kura ta kwana da akuya. Sai bayan nan a yi shari'ar ƙarshe.

Ƙanensa, Baba Bitrus, uban Rahila, shi ɗan bida ne. Rani bakwai yana tafiya bakin teku neman aiki, ya dawo da rediyo, da tari, da kuma wata fahimta da ya samo a majami'ar da yake zuwa can. Shi cewa yake shekara dubun nan ba ƙirge ba ne, misali ne. Tun ranar da Almasihu ya tashi yake mulki, yanzu haka muna cikin zamanin. Ba fyaucewa dabam, ba saukowa dabam. Zuwa ɗaya zai yi, matattu duka su tashi rana ɗaya, a yi shari'a, shi ke nan.

Da a baki maganar ta tsaya, da ba komai, don mazan gidanmu ba su iya cin tuwo ba gardama. Amma sai ta gangara gona. Akwai wani fako sama da gonarmu, ƙasa ta mutu, ko ciyawa ba ta fitowa. Baba Bitrus ya ga yadda mutanen wajen Keita ke jera duwatsu su tare ruwa, su haƙa ƙananan ramu su zuba taki, su dasa itatuwa, har fako ya koma gona. Ya ce a sa ƙarfin gida duka a yi haka da rani. Baba ya ce ina amfanin dasa iccen da sai ya shekara ashirin zai yi inuwa, alhali alamu sun cika? Gara rani ya tafi a yawon bishara ƙauyuka. Ga shi kuma ana gab da shiga shekara ta dubu biyu, rediyon Baba Bitrus kansa ba ya maganar komai sai wannan. In faɗi gaskiya, Baba bai taɓa sa rana ba, kullum cewa yake ba wanda ya san sa'ar. Amma da safe in ya fito, gabas yake fara dubawa.

Ranar da abin ya fashe ina wurin, ni na kai musu ruwan wanke hannu a zaure. Sun sa hannu cikin kwano, gardama ta yi zafi, sai Baba Bitrus ya ce, "Haba Yaya, ka bar riƙon misali kamar dutse. Ba wani matacce da za shi tashi shi yi yawo cikin gonag ga shekara dubu. Wanga zancen yara na."

Baba ya cire hannunsa daga tuwon. Ya miƙo mini hannu na zuba masa ruwa, ya tashi ya fita.

Ni a lokacin na ɗauka haushin an ce masa yaro ne. Ashe ba haka ba. Ina da wa, Dauda, wanda sanƙarau ya ɗauka shekara biyu kafin nan, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya fara riƙe hauya ke nan. Baba bai yi kuka gaban kowa ba. Abin da ya riƙe shi tsaye shi ne wannan shekara dubun. Ya sa a ransa Dauda zai tashi da ƙafafunsa, su zaga gonar nan tare, ya ƙarasa koya masa noma. Sama ta yi wa Baba nisa, shi a gonar yake son ganin ɗansa. Baba Bitrus bai san ya taka wurin ba, shi a ganinsa gardamar karatu ake yi. Baba kuma ba mutumin da zai buɗe baki ya ce nan ke mini ciwo ba ne. Kaka ce kaɗai ta gane, da idonta ɗaya.

Daga ranar kwano ya zama biyu. Kafin sati biyu an fara maganar raba gandu, an kira dattawa sun taka gona sun kafa duwatsu. Sai kuma muka ga ana kwaɓa laka bayan gida ana buga tubali. Katanga za a ja tsakiyar gida, ɗakinmu gabas, na su Rahila yamma. Kullum ni da ita sai mu je mu duba tubalin nan ko ya bushe, har mukan yayyafa masa ruwa a ɓoye don ya ƙara kwana. Tsoro nake ji sosai, ban taɓa kwana ba Rahila ba.

Wata magariba, tubali ya bushe sarai, mun hura wuta mun zauna, sai Kaka ta ce, "Saratu, sheƙa ki ce ma ubanki maciji ya shiga ɗakina. Rahila, ke ma hwaɗa ma naki."

Na ce, "Kaka, wane maciji cikin ɗarin ga?"

"Ke aka tambaya? Tashi, uwar iyayi."

Sai ga su a guje, Baba da sanda, Baba Bitrus da tocila da taɓarya. Suka yi cirko-cirko a ƙofar ɗaki, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Kaka ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Ku zamna. Macijin nan ba shi hitowa sai ya ji gatana." Sun san an yi musu dabara, amma wa zai juya wa uwarsa baya gaban yara? Baba ya tsuguna can gefen dama, Baba Bitrus ya zauna bisa turmi a hagu, wuta tsakaninsu.

Gatanar da ta yi ba mu taɓa jin ta ba, kuma na tabbata a ranar ta ƙera ta. Wani bafatake ne, in ji ta, mai 'ya'ya biyu maza. Zai tafi arewa ɗaukar gishiri, tafiya mai nisa, sai ya tara su ya ce su riƙe gida, zai dawo, kada su bari ya iske ƙofa rufe. Ya tafi. Damina ta wuce, wata ta wuce. Sai babban ya ce shi ya san yadda Baba zai dawo: zai fara aiko da raƙumi a ɗauke su, su tarye shi a hanya, a yi shagali, sannan su shigo gari tare da shi. Ƙaramin ya ce ina, ba wani raƙumi, rana ɗaya kawai za su ji sallama. Babba ya ce da kunnensa ya ji an ce raƙumi. Ƙarami ya ce raƙumin nan salon magana ne irin na Baba. Tun suna yi da dariya har suka koma yi da kumfar baki. Ƙarshe suka raba gidan, suka toshe tsohuwar ƙofa, babba ya fasa tasa gabas inda zai hango raƙumi, ƙarami ya fasa tasa yamma.

A nan Kaka ta tsaya ta tono dankali, ta hura, ta ɓare, ta ci abinta a hankali. Haka take yi in ta kai wurin daɗi, don ta ga ranmu ya fita.

Sai ga uban ya dawo, cikin ɗari, ƙafa duk ta faffashe, leɓe ya bushe. Ya zaga inda ya bar ƙofa, ya iske bango. Ya duba gabas ga ƙofa, ya duba yamma ga ƙofa. In ya shiga ta gabas, ƙaramin zai ce Baba ya goyi bayan Yaya. In ya shiga ta yamma, babban zai ce an kunyata shi. Duka biyun nasa ne, duka biyun yake marmari. Sai ya sauke kayansa daidai inda tsohuwar ƙofa take, ya jingina da bango ya zauna. Babban yana bisa soro yana hangen nesa, bai dubi gindin bango ba. Ƙaramin yana bayan gida yana aiki, ya ce in an yi sallama zai ji. Baƙon da ya sha hanya ruwa ake fara ba shi, kowa ya san wannan, amma mutumin nan har rana ta faɗi ba wanda ya miƙa masa ko moɗa.

Kara ya cinye, ba wadda ta tuna ta tura wani.

Rahila ta ce, "To Kaka, ya shiga?"

"Ni ina na sani? Zamne na baro shi." Ta kakkaɓe zanenta. "Ƙurunƙus. Kusun yau ya tsere da kansa, ban kama shi ba."

Baba ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, wagga ba maganar gatana ba ta. Maganar Littahi ta."

"Ni ban iya Littahi ba, Ishaya. Haihuwa na iya. Ciki guda kunka hito, nono guda kunka sha, kuma Mai zuwan nan da kuke ma hwaɗa, guda na. In ya zo ya tambaye ni ina ɗiyana, in ce mai mi? Guda na gabas, guda na yamma?"

Da a nan aka tsaya, wataƙila da an gyara. Sai Baba Bitrus, Allah ya ba shi haƙuri, ya yi 'yar dariya. Ni na san dariyar kunya ce, haka yake in abu ya kama shi. Baba kuwa ya ji ta a wani wuri dabam. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Sai da sahe, Inna."

Ni fa na ɗauka gatana tana da ƙarfi. A gatanar Kaka kullum mai taurin kai yakan gane kurensa kafin ƙurunƙus. Na kwanta da murna, na ce gobe za a fasa. Da safe sai na ji ƙarar magini yana jefa laka.

Kwana shida aka gama katangar. Ɗakin Kaka ya faɗo daidai kan layi, kowanne ya ce ta dawo wajensa zai gina mata sabo. Ta ce ko gawarta ba ta zaɓe. Dole katanga ta zo ta tsaya taku uku kafin ƙofarta, aka bar ɗan fili inda muke hura wuta. Ta nan muke satar hanya ni da Rahila, amma kwana kam kowa gidan ubansa. Daren farko na yi kuka har uwata ta gaji da lallashi ta ce in ban yi shiru ba za ta ƙara mini dalili. Bargon ya yi mini yawa.

Shekara ta dubu biyu ta shigo kamar kowace shekara, zakara ya yi cara, awaki suka fita kiwo. Baba bai ji kunya ba, tunda bai sa rana ba, ya ci gaba da jira. Itatuwan Baba Bitrus kuma awaki suka cinye rabi, rabi suka kama. Ba wanda ya ci gardama. Ran Lahadi ɗaki ɗaya muke sujada, Baba na gaba, ƙanensa na can baya kusa da taga. Suna gaisawa, ina kwana, lahiya lau, kamar mutanen da suka haɗu a tasha. Tuwo kuwa daga gida biyu ake kai wa Kaka, ta juye su wuri ɗaya ta kira jikoki mu ci. Kowace Kirsimeti, in an yanka ɗan akuya nan an yanka can, sai ta dubi 'ya'yanta ta ce, "Bana ma kwano biyu?" Tun tana faɗa da ba'a har ta koma faɗa a hankali, daga baya ta daina tambaya. Gatana ba ta daina ba, amma waccan ba ta sake yin ta ba ko sau ɗaya.

Shekara tara aka yi haka. Ina makarantar horon malamai a Tawa aka aiko Kaka ba lafiya. Na hau mota zuwa Madawa, daga nan na hau kabu-kabu, na iso an riga an yi mata wanka.

Maƙabartarmu 'yar ƙarama ce a bayan dutse, ƙasar tsakuwa ce zalla, sai da 'yan'uwanta Musulmi suka kawo diga suka taya haƙa. Kabarin ya faɗo kusa da na Dauda. Da aka rufe ta, Baba ya fara addu'a, ya kai rabi ya kasa ƙarasawa. Sai ya durƙusa gefen ƙaramin kabarin, ya shiga tsince tsakuwar da masu haƙa suka watso masa, ɗaya-ɗaya, yana share wurin da tafin hannu kamar mai gyara wa yaro shimfiɗa. Mutane suka fara watsewa. Baba Bitrus ya tsaya yana kallonsa, ya daɗe yana kallo, na ga fuskarsa ta sake.

Ya matso ya tsuguna. Ya ce, "Yaya, ashe Dauda na."

Baba bai ɗago ba.

"Shekara tara ina cewa taurin kai na. Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba." Ban taɓa jin ya rantse ba sai ranar. "Allah shi sa kai ad da gaskiya. Shi sa ni na ɓata karatu. In ga Inna da yaron ga bisa ƙahwahunsu cikin gonarmu, ni a kada ni gardama sau dubu."

Baba ya kama wuyan hannunsa ya riƙe gam. Kukan da bai yi ba ranar Dauda, ranar ya yi shi, da ƙarfi, gaban kowa, ƙanensa na riƙe da shi. Da ya samu numfashi sai ya ce, "In kuma kai ad da gaskiya, Bitrus, rana guda za mu tashi duka. Ita ma ba ta ɓaci ba."

Yanzu ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Madawa, na kuma zauna ƙarƙashin fastoci iri-iri. Na ji masu ra'ayin Baba, na ji masu ra'ayin Baba Bitrus, na ji ma waɗanda ke cewa bishara za ta yi ta gyara duniya sannu a hankali har ta zama mulkin, sannan ya zo. Kowanne da ayoyinsa, kowanne mai tsoron Allah ne. Ni har yau ban yanke ba. Ranar da na je jana'izar yaro ina bayan Baba, ranar da na ga hatsi ya yi kai a tsohon fakon nan ina bayan ƙanensa. Abin da na koya kawai shi ne, in na ga mutum ya riƙe wata fahimta da hannu biyu, nakan bar gardamar in tambaye shi wa ya rasa.

Na daɗe ina jin haushin gatanar nan, ina cewa ta faɗi banza. Sai da na haifi nawa biyu na gane ba don ta raba gardama ta yi ta ba. Kaka ba ta damu da ko raƙumi zai zo ko ba zai zo ba. Halin da take ciki take faɗa musu, ta hanyar da ta iya, gaban yara, don kada ta yi kuka. Abu ɗaya ta roƙa a duniya, ta ji 'ya'yanta biyu sun yi wa juna magana mai taushi. Sun yi kuwa, na ji da kunnena, kuma tun ranar ba su sake rabuwa ba. Ta jira shekara tara, maganar ta zo ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba.